Kafin ka biya kuɗin tsohon lez, ka duba gadonsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na rufe shago don in amsa maka a tsanake. Ka ce ka samu tsohon injin lez, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana fere shi, ƙirar Colchester Student da aka fitar daga wata masana'anta da ta daina aiki a Sharaɗa, an shafe shi da sabon fenti, mai shi ya kunna maka ka ji yana juyawa lafiya lau. Kuma wani mai walda ya ce maka ko gadon ya ci ba komai, za a cike da walda a goge, in ma ya ƙi a haɗa maka wani da ƙarfen dogo. Kana so ka san ko ka biya.

Ka dakata tukuna. Juyawar da ka ji ta nuna maka moto yana da rai, shi ke nan. Moto ana sauya shi, bel da boris suna kasuwa, cok, wato bakin da ke kama ƙarfen da ake aiki, ana samun wani, giyar da haƙorinta ya karye ana yanka sabuwa. Amma gado, wato dogon gindin nan da kan injin, da sirdi mai ɗauke da wuƙa, da wutsiya mai tokare aiki daga ɗaya ƙarshen suke zaune a kai, shi ne injin. Duk abin da ka sassaƙa, miƙewarsa daga miƙewar gadon take fitowa. In gadon ya lotsa, aikinka ya lotsa, komai ƙwarewar hannunka.

Ni a jikina na koyi wannan. Lez ɗina na farko na saye shi ne saboda ya yi kyau a ido, kore shar, hannayensa suna sheƙi. Ba a yi wata guda ba wani mai injin markaɗe ya kawo mini aikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, mai mazaunin boris biyu, lamba 6206, wanda cikinsa milimita 30 ne. Na yanka duka biyun ba tare da na taɓa saitin wuƙa ba. Ɗaya boris ɗin sai da aka buga ya shiga, ɗayan kuwa da yatsa ya zurma. Na ɗauka kuskuren awona ne, na sake wani shaf ɗin da kuɗina, aka sake maimaitawa. Mutumin nan da injin yake ci da iyalinsa, kwana huɗu bai yi markaɗe ba, kuma har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci. Da na kira maigidana da ya koya mini aiki, ko kunna injin bai yi ba. Ya sa tsumma ya goge gadon dab da cok, ya ja farcen babban yatsansa a gefen layin, sai farcen ya tsaya cak a wani ɗan tudu. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce: “Ka ji? Nan ƙarfen yake da can. Duk abin da ke ƙasa da nan ya tafi.”

Don ka gane dalilin da ya sa maganar mai waldar nan ba za ta yiwu ba, sai ka san yadda ake yin gadon tun farko. In ka taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunyar alminiyam a Panteka ta Kaduna, ka ga asalin abin: a danna samfuri cikin yashi mai danshi, a cire, a zuba narkakken ƙarfe a ramin da ya bari. Gadon lez ma haka ake yi, sai dai samfurinsa na katako ne ko na ƙarfe, kuma da gangan ake yin sa ya ɗan fi girman da ake so, kamar kashi 1 cikin 100, domin ƙarfen yana tsukewa in ya huce. Ana jera wasu dunƙulen yashi a ciki don su bar ramuka da haƙarƙarin nan da kake gani tsakanin bangon gaba da na baya. Haƙarƙarin su ne ke hana gadon murɗewa, ramukan kuma ta nan ɓarɓashin ƙarfe ke zubewa ƙasa.

Abin da ake zubawa ƙarfen zubi ne mai ruwan toka, a zafin da ya kai wajen digiri 1,400. Yana ɗauke da sinadarin gawayi kamar kashi 3 cikin 100, kuma in ya daskare gawayin yana zama ƙananan ɓawo-ɓawo a cikin jikinsa, irin abin da ke bakin fensir. Waɗannan ɓawon su ne sirrin. Suna shanye girgiza, suna kuma taimaka wa sirdi ya yi sulɓi a kan gado. Ka gwada da kanka: ka ɗauki guduma ka ɗan ƙwanƙwasa guntun dogo, za ka ji ya yi ƙara yana amsawa kamar ƙararrawa. Ka ƙwanƙwasa ƙafar tsohon lez, za ka ji dum, ya yi shiru. Wannan amsawar ta dogo, in wuƙa tana cin ƙarfe, ita ce za ta fito maka a jikin aiki kamar zanen igiyar ruwa.

Bayan zubi ba a hawa aiki kai tsaye. Wurare marasa kauri suna riga masu kauri hucewa, sai ƙarfen ya daskare yana riƙe da wata irin jayayya a cikinsa. In aka sassaƙe shi a haka, a hankali zai saki jiki ya karkace. Shi ya sa a da masana'antu suke jibge gadaje a fili, rana ta duka, ruwa ya duka, sanyi ya ratsa, watanni har shekara ko fiye. Yanzu an fi sa su a tanderu a zafin digiri 500 zuwa 600, a bar su awanni, sannan su huce sannu a hankali, kuma wannan ya fi cire jayayyar sosai. Daga nan sai a ɗora gadon a kan wani babban inji da ya fi shi tsawo a fere layukan da sirdi ke tafiya a kai, mai tudu kamar rufin ɗaki da kuma shimfiɗaɗɗe. A injina irin Colchester da Harrison, ana ƙona saman layukan da wutar lantarki a sanyaya nan take, fatar sama ta yi tauri, sannan a wasa ta da dutse har ta miƙe. Ƙasan sirdi kuma da hannu ake kankare shi: a shafa shuɗi, a goga, duk inda shuɗin ya kama a kankare, a sake, har ya zauna daram. 'Yan ramukan da kankarar ta bari nan mai yake kwanciya.

To ka ga, abin da aka yi da tanderu da dutse da haƙuri haka, ba a gyara shi da sandar walda. Zafin walda yana sa ƙarfen zubi ya tsage, gefen waldar ya yi taurin da wuƙa ba ta ci, gadon kuma ya murɗe. Gaskiya ne akwai manyan injinan zamani da ake haɗa jikinsu da farantin ƙarfe a yi walda, amma su ma sai sun shiga tanderu sun hau babban inji kafin su zama gado. Gyaran gaskiya na gadon da ya ci shi ne a sake wasa shi gaba ɗaya, a liƙa wa ƙasan sirdi wata roba mai sulɓi irin Turcite don ya dawo tsayinsa, a sake saita kai da wutsiya. Injin da ke wannan aikin ba kowane gari ke da shi ba, kuma kuɗin kan wuce abin da ka sayi lez ɗin.

Yanzu ga yadda za ka duba. Ka tafi da tsumma, kananzir, tocila, maikiromita na auna kauri, agogon awo mai gindin maganaɗisu, da guntun ƙarfe mai kauri kamar milimita 40 ko 50. Ka wanke layukan tas. Yawancin aiki kusa da cok ake yin sa, don haka nan ne gado ke ci, can wajen wutsiya kuwa yakan zauna kamar sabo. Ka haska tocila a kwance, ka ja farce kamar yadda maigidana ya yi. Sannan ka kawo sirdi dab da cok, ka ɗaure sukurun da ke kulle shi kaɗan-kaɗan har ya zama yana tafiya da ɗan nauyi, sai ka juya hannu ka kai shi baya. In ya tafi har ƙarshe da nauyi ɗaya, ka yi sa'a. In ya yi taku ɗaya ko biyu ya cije, gadon ya ci, kuma inda ya cije nan ne iyakar ramin.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne yanka. Ka kama ƙarfenka a cok, ya fito kamar milimita 150 zuwa 200, kada ka tokare shi da wutsiya. Ka yi yanka mara zurfi da wuƙa mai kaifi daga baki zuwa gindi, ka auna kaurinsa a baki da gindi. Ka tuna duk ɗan matsawar da wuƙa ta yi gaba ko baya, ninki biyu take fitowa a kaurin aiki: ta kauce milimita 0.02, ka ga 0.04. Injin da ke da lafiya yakan ba ka bambancin da bai wuce 0.02 ba a wannan tsawon. Gashin kanka kaurinsa kamar 0.07 ne, kuma mazaunin boris bai yarda da ko rabin haka ba. Sai dai ka lura, injin da aka ajiye a ƙasa mai tudu da kwari yana iya murɗewa ya ba ka awo mara kyau alhali gadonsa lafiya, shi ya sa nake son ka haɗa gwajin yanka da na sirdi da na farce. In mai injin ya ce ba wuta, ko ya hana ka yanka, ka ce a nemo janareta ka biya kuɗin mai. In ya ƙi, ka kama hanya. Ba a cinikin biri a sama.

In gadon mai giɓi ne, wato akwai guntun da ake cirewa a ƙarƙashin cok don aiki mai faɗi, ka tabbata guntun yana nan kuma nasa ne na asali, domin tare aka wasa su. Ka sa farce a mahaɗar, kada ka ji tudu. Ka leƙa ƙarƙashi da tocila ka nemi tsagewa ko tsohuwar walda, musamman inda fentin ya fi kauri. Sabon fenti a tsohon inji ni tsoro yake ba ni, gara in ga dattinsa.

Sauran abubuwan ba su kai wannan nauyi ba, amma kuɗi ne. Ka sa katako ka ɗan ɗaga cok da agogon awo a kai ka ga ko boris ɗin kai yana da wasa. Ka bi kowace giya ka saurara. Ka duba doguwar sandar zare da ke jan sirdi, musamman kusa da kan injin, nan take sirancewa. Ka tambaya ko ta inci ce ko ta milimita, don tsofaffin injinan Ingila da Amurka da yawa na inci ne, kuma in kana son yanka zaren milimita a kansu yawanci sai da giya mai haƙori 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka ƙirga giyoyin canji, cok mai baki huɗu da matokarar dogon aiki tun kafin ciniki, in babu a rage kuɗi. Wutarsa kusan tabbas mai layi uku ce, bolt 415, ka san ko shagonka yana da ita kafin ka kawo shi ya zama kayan kallo.

Ranar ɗauka ka tsaya da kanka. Injin nan ya haura rabin tan kuma nauyinsa a sama yake, kifewa ba ta yi masa wuya. Igiya ta bi ta haƙarƙarin gado, kada ta danne sandar zare. A shago ka zuba masa kankare mai kauri, ka saita shi da ma'aunin ruwa mai kyau a kai da wutsiya, bayan 'yan makonni ka sake dubawa. Ka nisanta shi da injin wasa ƙarfe, kuma lokacin hunturu ka riƙa rufe shi, domin ƙura in ta haɗu da mai a kan layi takan zama kamar garin dutsen wasa. Goge da safe, sa mai, goge da yamma. Giris ba na gado ba ne.

In gadon ya ci kaɗan kuma aikinka na bushi ne da fuli da gajerun abubuwa, za ka iya saye, amma a farashin injin da ya ci, kana sane da iyakarsa. In shaf da mazaunin boris za ka riƙa yi, kada ka sassauta ko kaɗan. Ka je ka yi gwajin nan, ka rubuto mana awon da ka samu a baki da gindi, da tazarar da sirdi ya yi kafin ya cije, in sha Allahu zan gaya maka abin da ni zan taya.