Birnin Kebbi ko Sakkwato: ina za mu koma da yaranmu masu galahanga?

'Yar'uwa, kin ce kuna Argungu da yara biyu masu lalurar galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane), kuna shawarar komawa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Allah Ya ba ku ladan haƙuri.

Ta ɓangaren likitoci Sakkwato ta fi: ga Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da birnin. Sai dai ganin likita abu ne na lokaci-lokaci, kuma daga Argungu ma ana zuwa a dawo a yini guda. Abin da za ki sha fama da shi kullum shi ne makaranta da maƙwabta. Ki je da ƙafarki ki ga ajin, ki tambayi malama yadda take yi in yaro ya toshe kunne ya fara ihu. In ta ambaci bulala ko aljanu, ki kama gabanki.

Gidan kuma ya zama mai katanga da ƙofa mai kulluwa, nesa da kasuwa, injin markaɗe da rijiya buɗaɗɗiya, domin wasu yara masu wannan lalura kan sulale su fita ba a sani ba.

Ni dai inda kike da dangin da yaran suka saba da su zan zaɓa, don sauyi yana yi musu wuya ƙwarai.