Layin da ya ƙi lanƙwasawa: amsoshin tambayoyin masu rubuta shafin intanet da hannu

Wani ɗalibi daga wani ƙauye da ke kusa da Ringim ya rubuto yana cewa: "Malam, ina koyon rubuta HTML da tsohuwar kwamfutar hannu da yayana ya bar mini. Duk jimlar da na rubuta sai ta miƙe ta wuce bakin allo, sai na riƙa jan shafin dama da hagu kafin in karanta. Mai gyara ya ce allon ne ya yi ƙanƙanta, sai dai in canja kwamfuta, ni kuwa ba ni da halin haka."

Ɗana, kwantar da hankalinka, lafiyar kwamfutarka ƙalau. Manhajojin rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta kamar HTML ɗin da ake gina shafin intanet da shi, da yawa suna zuwa ne a saite yadda kowane layi zai tafi santal har sai an danna Enter, domin masu shirya manhaja sun fi son ganin layi ɗaya a matsayin layi ɗaya. Abin da kake nema shi ne naɗe layi, wanda za ka gani a rubuce da sunan Word Wrap. Idan Visual Studio Code kake amfani da ita, danna Alt da Z tare, nan take za ka ga dogon layin ya lanƙwaso ya zauna cikin allo. Sai dai wannan dannawa ta fayil ɗin da ke buɗe ce kawai, saboda haka idan kana son abin ya zauna dindindin, shiga wurin saiti ka nemi editor.wordWrap ka mayar da shi daga off zuwa on. A Notepad++ da Sublime Text kuwa yana ƙarƙashin View. Ka duba lambobin da ke gefen hagu bayan ka kunna: layi na 12 zai iya cin sahu huɗu a allo, amma lambarsa tana nan 12, abin da ke nuna maka cewa ganinka kawai aka gyara, ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikin fayil ɗin ba.

Wata malama da ke shirya wa Islamiyyar garinsu shafi a yankin Gaya ta ce ita dabarar da ta yi ita ce danna Enter duk inda layi ya kai bakin allo, amma yanzu hoton makarantar ya daina fitowa, kuma maɓallin da ta yi da JavaScript ya daina aiki.

Malama, dabarar taki ce ta jawo, ko da yake ba kowane wuri take ɓarna ba, shi ya sa take ruɗar mutane. A cikin rubutun sakin layi na yau da kullum, burauza, wato manhajar da ake buɗe shafin intanet da ita, tana ɗaukar karya layi tamkar tazara ɗaya ce tsakanin kalmomi, don haka ba za ki ga wani bambanci ba. Amma idan Enter ɗin ya faɗa tsakiyar sunan wata alamar HTML ko ya raba kalma gida biyu, ko kuma ya zo da tazarar da manhajar ke ƙarawa a farkon sabon layi ya shiga cikin adireshin hoto, to adireshin ya zama wani abu dabam. A JavaScript, harshen da ke sa maɓalli da makamantansa aiki a shafi, abin ya fi tsanani, domin rubutun da ke tsakanin alamomin zance na gama-gari ba ya yarda a karya shi gida biyu, kuma kuskure ɗaya irin wannan yana hana dukan fayil ɗin aiki. Haka nan a cikin alamar pre ta HTML, wadda ke nuna rubutu yadda aka buga shi, kowace karya layi da kika yi za ta fito a shafin yadda take. Ki koma ki haɗa layukan da kika yanka, ki fara da na hoton da na maɓallin, sannan ki kunna naɗe layi ki huta.

Tambaya ta uku ita ce ta ɓata mini rai, ba don mai tambayar ba. Wani mai shagon caji a wani ƙauyen Kazaure ya ce wani ya yi masa tayin ɗora masa Dreamweaver daga filas a kan naira dubu takwas, wai ita ce kaɗai manhajar da ke naɗe layi da kanta, kuma yana tambaya ko farashin ya yi.

Alhaji, ko naira ɗari aka ce, an cuce ka. Dreamweaver ta kamfanin Adobe ce, kuma hanyar samunta ta halal a yau ita ce biyan kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara, saboda haka duk wadda aka zaro daga filas a kasuwa fasasshiya ce ta sata. Mai fasa manhaja ba don Allah yake yi ba, kuma filas ɗin da ya zaga kwamfutoci hamsin kafin ya iso taka bai da bambanci da allura ɗaya da aka yi wa gari guda. Ka tuna cewa a kwamfutar nan za ka rubuta kalmar sirrin wurin da ka ajiye shafinka, mai yiwuwa ma da ta bankinka. Na sha ganin matasa sun sayar da buhun gero ko ɗan akuya, sun hau mota har Kano, sun dawo da kwamfuta cike da manhajojin da ba su san aikinsu ba, mai sayarwa ya lissafa musu kowacce da kuɗinta, alhali rabinsu kyauta ne ga duk wanda ke da data. Notepad++ kyauta ce tun da Don Ho ya fitar da ita a 2003, kuma ba ta da nauyi, ta dace da tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin rumbu. Visual Studio Code ma kyauta Microsoft ta sake ta tun 2015, sai dai ta fi cin ƙarfin na'ura, kuma sababbin fitowarta ba sa aiki a kan Windows 7, wadda har yanzu take cikin kwamfutocin hannu da yawa a karkararmu. Sublime Text ce ta kuɗi, dala 99 lasisinta, amma ita ma masu ita sun yarda a sauke a gwada ba tare da an biya ba. Abin da ya kamata ka yi hattara da shi a nan shi ne wurin saukewa, domin akwai shafukan bogi masu kama da na asali. Ka shiga shafin masu manhajar kai tsaye, kada ka bi mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp. Idan sabis ba ya kai wa garinku, ka bari sai ranar da ka shiga Kazaure ka sauke da wayarka. Ladan aiki ga wanda ya taya ka ɗorawa ba laifi ba ne, amma ka san cewa wahalarsa ka biya, ba manhajar ba.

Wani daga Bichi ya tambaya ko zai iya rubuta shafinsa a Microsoft Word tunda ita tana naɗe layi. A'a. Word tana sauya miƙaƙƙun alamomin zance zuwa lanƙwasassu, waɗanda burauza ba ta ɗauka a matsayin kod, kuma fayil ɗinta ba tsantsar rubutu ba ne. Ko Notepad da ke zuwa da Windows ta fi ta dacewa da wannan aiki, kuma ita ma tana naɗe layi.

Wani kuma yana so ya san ko kunna naɗe layi zai sa rubutun shafinsa ya zauna daidai a wayoyin masu karatu. Babu ruwan wannan da wancan. Burauzar mai karatu ce ke lanƙwasa rubutu gwargwadon faɗin wayarsa da abin da ka tsara a CSS, harshen tsara kamannin shafi.

Sai wata ɗaliba daga Birnin Kudu da ta ga lamba 80 a saitin Visual Studio Code ta ji tsoron taɓawa. 'Yata, wannan gado ne daga katin da ake hudawa don shigar da bayanai cikin na'ura, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1928 mai gurbi 80, kuma masu kod suka riƙe shi a matsayin tsawon layi mai daɗin karantawa. Idan kika zaɓi bounded a editor.wordWrap, layi zai lanƙwasa a harafi na 80 ko a bakin allo, duk wanda ya riga zuwa, kuma a ƙaramin allo irin naki shi na fi so.