Amsa: Yaron da ke jifan mil 98 a ƙaramar gasar besbol ta Single-A, ya isa a hau da shi?

Malam, ka ce yaron shekararsa 20, jifansa na kai mil 98 a awa, ERA ɗinsa (matsakaicin makin da ake ci a jifansa cikin zagaye tara) ƙasa da 2, don me ba a kai shi babbar gasar besbol ta MLB ba? Ka ɗan dakata. A Single-A masu duka yara ne, duk ƙwallon da ya zo da gudu sai su kai masa sanda ko da ya kauce. A Double-A, gasar da ke sama da ita, ake gane na gane, domin can ɗan wasa yana tsayawa ya ƙyale jifan banza.

Ni ba na sakankancewa da ERA. Dubi yawan waɗanda yake fitarwa da jifa, ka gwada da waɗanda yake bari su taka zangon farko kyauta. In na biyun sun yi yawa, hannunsa bai zauna ba tukuna. Filin ma da nasa: a birnin Albuquerque na Amurka, saboda garin yana kan tudu, ƙwallo tashi yake kamar tsuntsu, lambobin mai jifa su lalace ba laifinsa ba.

Masu farautar 'yan wasa suna auna kowane irin jifa da maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaici. Mai iri biyu kacal galibi ɗan ceton ƙarshen wasa yake zama. Mai buɗe wasa sai da na uku.

Sai gwiwar hannu. Tiyatar gyaran jijiyarta, wadda ake kira Tommy John, da Dokta Frank Jobe ya fara a 1974, jinyarta tana cin fiye da shekara, shi ya sa kulob ke ƙirga masa jifa kamar kuɗin cefane.