Tun Ina Yaro Nake Son Katun, Ko Zai Iya Zama Sana'ata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na kusa gama sakandare. Tun ina ƙarami ba abin da nake so kamar katun, har yau bayan littattafaina cike yake da zane. Ina son in karanci haɗa katun ya zama sana'ata, amma a gida ana ganin wasan yara ne. Ta ina zan fara? Sai na ƙware a zane? Wace irin kwamfuta ake buƙata, kuma dole ne sai na je jami'a?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Sana'a ce, kuma akwai masu ci da ita. Sai dai son kallon katun daban, son yin sa daban, kuma gara ka gane wanne ne naka tun ba a kashe kuɗin makaranta ba.

Fara da lissafi. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan bar zane ɗaya ya tsaya a gurbin hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan zane 720. A manyan kamfanonin fim, mutum kan shafe mako guda cur a kan motsin da bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Wanda wannan maimaici ke gundura, sana'ar za ta gundure shi.

Hanyar gwada kanka ita ce darasin da kusan kowace makarantar katun ke farawa da shi: ƙwallo mai faɗowa tana tsalle. Sauke FlipaClip a waya, ko Krita ko Pencil2D a kwamfuta, ka saita zane 12 a daƙiƙa. Ka sa ƙwallon ta faɗo daga sama zuwa ƙasa cikin zane shida, rabin daƙiƙa ke nan. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne raba tazarar daidai wa daida, sai ƙwallon ta riƙa saukowa kamar ana zura ta da igiya. Abin da ke faɗowa ƙara gudu yake yi, don haka tazarar da ke tsakanin zane da zane ta riƙa ƙaruwa a kan 1, 3, 5, 7, 9: a sama zanukan sun cunkushe, a ƙasa sun yi nisa da juna. Idan ta taɓa ƙasa, ka lotsa ta a zane ɗaya tak, amma yadda ta rage tsawo haka za ta ƙara faɗi, don kada a ga kamar ta ƙanƙance. Kowane tsalle ya gaza na bayansa a tsawo da kuma yawan zane. Idan ka gama, ka sake yi da ƙwallon ƙarfe, sannan da balan-balan, ba tare da ka canja siffar da'irar ba. Ranar da mai kallo ya iya faɗin wacce ce mai nauyi daga motsi kaɗai, ka kama tushen aikin, wato lokaci da tazara.

Daga nan sai tafiya, kuma a nan ake jin jiki. Taku ɗaya na tafiyar yau da kullum yakan ci hoto 12 cikin 24, kuma yana da tsayuwa huɗu: dunduniya ta taɓa ƙasa a hoto na 1, jiki ya sauka da nauyinsa a na 4, ƙafar baya ta gifta ta gaba a na 7, jiki ya ɗaga sama a na 10, ɗaya dunduniyar ta taɓa ƙasa a na 13. Waɗannan za ka fara zanawa, sai ka cike tsakaninsu daga baya. Abubuwa uku ne ke ɓata tafiyar ɗan koyo. Ƙafar da ke ƙasa ta riƙa sulɓi saboda ba a kafe ta wuri ɗaya ba. Kai ya tsaya a layi ɗaya babu hawa babu sauka, sai jikin ya rasa nauyi. Ko kuma hannun dama ya tafi tare da ƙafar dama, alhali saɓawa suke yi. Maganinsu guda: jingina waya ka ɗauki kanka kana tafiya, ka duba bidiyon hoto bayan hoto. Ƙwararru ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne.

Waɗannan darussa suna cikin ƙa'idoji 12 na motsi da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin ma'aikatan Disney, suka tattara a littafinsu na 1981. Ka neme su ka bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman shirin motsi (mai tsalle sai ya durƙusa kafin ya tashi) da bin baya (mutum ya tsaya amma rigarsa da gashinsa ba su tsaya nan take ba).

Batun zane kuwa, ya danganta da ɓangaren da ka nufa, domin ba mutum ɗaya ke yin fim ba. Akwai mai rubuta labari, da mai zana shi gida-gida don a ga inda kyamara za ta tsaya, da mai ƙirƙiro kamannin 'yan wasa, da mai zana wuraren da labarin ke faruwa. Waɗannan da masu motsi na 2D, wato katun na shimfiɗaɗɗen zane, zane ne jarinsu, kuma zanen mutane na gaske ake nufi, ba kwaikwayon jarumin katun da kake so ba. Ka riƙa zana mutum cikin daƙiƙa 30 ko minti ɗaya, kana neman yanayin tsayuwarsa, ba kyan fuska ba. A 3D kuwa, wato katun da ake ƙera siffofinsa a kwamfuta kamar mutum-mutumi, akwai mai ƙera siffa, da mai sa mata ƙashi da gaɓoɓi, da mai motsa ta, da mai haske, da mai haɗa hoton ƙarshe. Mai motsi a 3D yana buƙatar ido fiye da hannu. Mai sa ƙashi kuma lissafi da yaren kwamfuta na Python sun fi yi masa amfani, kuma ɗalibai ba su cika rububin wannan ɓangare ba. Matsalar 3D ita ce kwamfuta tana cike tsakanin tsayuwa biyu da kanta, kuma cikon nata lami ne, komai sai ya riƙa shawagi. Dole ka buɗe Graph Editor, sashen manhajar da ke nuna motsi a matsayin layuka masu lanƙwasa, ka gyara lanƙwasar da hannunka.

Kada kayan aiki su tsayar da kai. Blender kyauta ce, tana yin 3D, tana yin 2D ta sashenta na zane mai suna Grease Pencil, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025. Kwamfuta mai RAM 8GB za ta fara, 16GB ta fi sauƙi, sai ƙaramin allon zane mai alƙalami wanda ba shi da sikirin. Kamfanoni da dama suna aiki da Maya ko Toon Boom Harmony, amma wanda ya iya motsi ba ya daɗewa bai saba da sabuwar manhaja ba. Ka riƙe guda ɗaya na tsawon shekara, ka daina tsalle daga wannan zuwa waccan.

Makaranta tana da amfani, amma ba don takardar ba. Abin da take ba ka shi ne malamin da zai dubi aikinka ya ce nan ne ya lalace, da abokan aiki, da wa'adin da zai tilasta ka gama abu. Sanannu irin su Gobelins a Faransa, CalArts a Amurka da Sheridan a Kanada samfurin aiki suke nema kafin su ɗauki ɗalibi. Kowace makaranta ka nufa, ka nemi ganin finafinan ɗalibanta na shekarar ƙarshe, ka kuma tambayi ko malaman sun taɓa aiki a masana'antar. Idan darussan duk koyon danna maɓallan manhaja ne, babu zane babu nazarin motsi, ka nemi wata.

Mai ɗaukar aiki kuwa ɗan bidiyon samfurin aikinka zai kalla. Kada ya wuce minti ɗaya, mafi kyau ya zo a farko, kuma abu uku masu kyau sun fi goma masu dama-dama. Idan aikin haɗin gwiwa ne, ka rubuta abin da kai ka yi a ciki.

Su kuma mutanen gida, ka nuna musu cewa aikin bai tsaya a fim ɗin yara ba: akwai tallace-tallace, wasannin bidiyo, bidiyon koyarwa, bayanin aikin likita da na gine-gine. Ka kuma faɗa musu gaskiya cewa yawancinsa kwantiragi ne, yau akwai gobe babu, don haka yana da kyau ka haɗa da zanen talla ko tace bidiyo, waɗanda aikinsu ya fi samuwa ga mai farawa.