Amsar Gwaggo kan ƙyanda da ƙurajen yara

Ɗiyata, saƙonki ya same ni nan Tahoua lafiya lau. Ya zafin Yamai, ya angona? Ki gaya masa wata biyar ke nan ban ga kuɗin cefanensa ba.

Kin ce ƙyanda ta kama yaron maƙwabtanku, tsofaffin gidan suka hana a yi masa wanka, suka hana a kai shi likita, wai allura tana mayar da ƙurji ciki. Kina tambaya ko al'adarmu ce, ko kuma dole ki bi in ta zo kanki. Al'ada ce, haka muka taso muka gani a Adar. Amma abubuwa biyu ne aka haɗa a ciki. Keɓe yaro a ɗaki, a hana sauran yara shiga, wannan daidai ne, domin ƙyanda ta iska take bi, kuma mai ita yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitarsu. Saboda haka kada ki kai angona gidan nan ko da sunan dubiya, tunda rigakafin ƙyanda na farko sai ya cika wata 9. Hana wanka da hana likita kuwa, ba da yawuna ba. Ba ƙurajen ke kashe yaro ba, abin da ke biyo bayansu ne: ciwon huhu, zawo, da rama. Ruwan ɗumi bai taɓa mayar da ƙurji ciki ba. A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, za su ba shi bitamin A sau biyu, shi ke tsare masa ido, kuma tun 2006 gwamnati ta ce a duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta. Wani lokacin dai maganin kan yanke sai an saya, wannan kowa ya sani. Kwalli da ruwan ganye da ake ɗiga wa jajayen idanun nan, su ma a bar su.

Al'adar da nake so ki riƙe da hannu biyu ita ce ta kallo. Iyayenmu ba sa wanke jariri a duhu. Da hantsi ake fito da shi tsakar gida, a ɗora shi bisa ƙafafu tsirara, a buɗe hammata, a ɗaga wuya, a leƙa bayan kunne da matsematsi. Fatarmu baƙa ce, ja ba ya nunawa a kanta sosai, don haka tafin hannu ke taya ido aiki. Ƙyanda ma da zazzaɓi take farawa, da tari, da majina, da jan ido, kwana 3 ko 4. Sannan ƙuraje su ɓullo daga bayan kunne da goshi su gangara ƙasa, ki shafa ki ji gurzi-gurzi. In kin buɗe bakinsa a haske tun kafin nan, kina iya ganin ƴan fararen ɗigo a cikin kumatu kamar an barbaɗa gishiri. Ƙarambau daban take, ƙurajenta masu ruwa ne, suna ƙaiƙayi, wasu na bushewa wasu na fitowa.

Bayan ƙyanda ta tafi ma kada a daina duba bakin yaro, musamman wanda ya rame. Dasashi ya kumbura yana jini, baki yana wari, kunci ɗaya ya tashi: ranar za a tafi likita, ba gobe ba. Ciwon noma ke nan, cikin ƴan kwanaki yake huda kunci, alhali da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da shi. Ƙasarmu na cikin inda ya fi yawa, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ƙanwarki na da ciki, ki karanta mata wannan. Shawarar jariri a farin ido da dasashi ake ganinta, ko a danna goshi da yatsa a hasken rana a ga wurin ya yi rawaya. In ta fito tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko jaririn ya ƙi nono yana ta barci, a koma matanite, wato asibitin haihuwa, nan take, kada a tsaya jiƙa saiwa. Baƙin tabon nan mai shuɗi-shuɗi a ɗuwawu ba komai ba ne, da kansa yake gushewa. Nonon jariri in ya kumbura kada a matse shi, matsar ce ke sa ya yi ruwa. Cibiya kuma ba a sa mata toka ko man shanu.

Ƙurajen zafi na watan Afrilu, wanka da rage tufafi sun ishe su. Makero na kan ƴan lakwal ba ya jin shafe-shafe kaɗai, sai an sha magani na makonni, kuma kowane yaro da rezarsa wajen aski. Ƙazuwa da dare take tashi, tsakanin yatsu, kuma gida duka ake yi wa magani rana ɗaya a wanke shimfiɗu, in ba haka ba ta dawo.

Wanda ke ba ni haushi shi ne man kasuwa da ƴanmata ke shafa wa ƙurajen balaga. Sati ɗaya fuska ta yi sumul, daga baya fata ta yi laushi, ƙurajen su dawo ninki. Kuma in kin ga tabo mai haske a jikin saurayi ko budurwa, ba ƙaiƙayi, ki sa ya rufe ido ki shafa wurin da auduga. In bai ji ba, a kai shi a gwada kuturta. Tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, maganin kyauta ne, kuma wanda aka kama da wuri ba ya rasa ko yatsa ɗaya.

Tsofaffin nan kada ki yi musu gardama a gaban mutane. Ki ja uwar yaron gefe, ki ce za ki raka ta bakin CSI da sassafe, ki bar angona wurin babansa. Ki ɗauko mini hoton katinsa na rigakafi in gani.