Nawa banki zai iya ba ni in sayi gidan haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina aikin gwamnati a Kaduna, albashina bayan an cire komai naira dubu 300 ne. Na ga wani gida ana neman miliyan 18, ƴan haya na biyan dubu 800 a shekara, so nake in ci bashin banki in saya in ci gaba da karɓar hayar. Nawa kake ganin za su amince su ba ni?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, wallahi na ji daɗin tambayar nan, don a shekarunka yawanci mota ake tunani ba gida ba.

Abu na farko, banki ba gidan yake fara kallo ba, takardar albashinka yake kallo. Ƙa'idar da aka saba ita ce abin da za a dinga cire maka duk wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, wato kai dubu 100 kenan, in kuma akwai wani bashin a kanka, ko na kofaretif ko na waɗannan manhajojin waya, sai an fara zaftare shi daga ciki tukuna.

To dubu 100 ɗin nan nawa za ta jawo? Tunda ma'aikaci ne kai, duba takardar albashinka ko ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF, wanda aka kafa tun 1992 kuma FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi. Ruwansu kashi 6 ne, biya har shekara 30. Na buga lissafin, zai ba ka wajen miliyan 16 da dubu 600, in shekara 20 ce kuma ya dawo kusan miliyan 14. Amma ka je bankin kasuwa, a ce ruwa kashi 25 biya shekara 10, wannan dubu 100 ɗin dai miliyan 4 da ƴan kai kawai za ta samo maka. Ka ga tazarar.

Sai dai fa a nan gizo ke saƙar, lamunin NHF an yi shi ne don ma'aikaci ya mallaki gidan zamansa ba don jari ba, saboda haka ka faɗa wa bankin lamunin gidan da za ka bi ta hannunsa gaskiyar niyyarka tun farko, kar ka ɓoye. Kuma ko da an ba ka, zauna da biro da takarda: dubu 100 sau 12 miliyan 1 da dubu 200 ne a shekara, haya kuma dubu 800, wato duk shekara dubu 400 za ta fita daga aljihunka, ban ma sa gyaran rufi da yashe masai da watannin da gida zai zauna ba kowa ba, ga ɗan haya sau ɗaya yake biya a shekara (in ma ya biya a kan lokaci) banki kuwa ba ya tsallake wata ko ɗaya. Wannan ne yake damuna da shirin naka, ba yawan abin da za su ba ka ba.

Sannan za a nemi ka zuba naka kason, ga kuɗin lauya, ga na mai kimanta gida, ga dillali da la'adarsa. Kuma in gidan ba shi da takardar C of O, wato shaidar mallaka ta gwamnati, sai takardar mai unguwa kawai, maganar ma ba za ta tashi ba.

In batun haramcin kuɗin ruwa ne ke tsaya maka a rai, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ masu tsarin ijara (haya) da musharaka (haɗin gwiwa), sai dai su ma albashin nan za su duba. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka karɓo bayanin asusunka na wata shida zuwa shekara, ka kai wa bankuna biyu su rubuta maka adadin da za su iya.