Hangen Monako Ba Shiga Gari Ba: Ina Zan Kafa Tanti Kusa Da Jirgi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Faransa, shekarata ta biyu ke nan. Maiɗakina ta iso bana tare da ɗanmu mai shekara uku, kuma na riga na yi mata alkawarin cewa in an yi hutun watan Yuli zan kai ta ta ga Monako da idonta. Da na duba kuɗin otal a can, ajiye wayar kawai na yi. Wani abokina ya ara mini tanti mai ɗaukar mutum huɗu, amma ba ni da mota. Ina zan samu wurin kafa tanti mafi kusa da Monako, wanda jirgin ƙasa ke zuwa? Kada in ji kunya, Kawu.
Daga mai karanta filinka kullum

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya yaron, ya bar ku tare. Alkawarinka mai cikuwa ne, amma sai ka fara sauya tambayar. Kalmar nan "mafi kusa" ita ce ta taɓa wahalar da ni a wannan gaɓar teku, kuma ba na so ta wahalar da kai da mace da ƙaramin yaro.

Mu fara da abin da babu. A cikin Monako kanta babu filin kafa tanti ko ɗaya. Ƙasar duka-duka faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗan ɗoriya ba, mutum kusan 39,000 ke zaune a ciki, an jera benaye a jikin dutse kamar an jera kwanuka a kabad. Inda ake cike teku da ƙasa don a samu wurin gini, wa zai bar maka fili ka kafa turke? Kada kuma wani ya ce maka ku shimfiɗa a bakin ruwa can gefen Faransa, dokarsu ta hana kafa tanti a bakin teku, kuma 'yan sanda na zagayawa.

To ina za ka yada zango? Ka yi abin da ma'aikatan Monako ke yi. Masu dafa abinci a otal-otal ɗin nan, da masu goge tagogi, da ma'aikatan banki, akasarinsu ba a can suke kwana ba. Dubun dubatarsu kullum safiya suke shigowa daga Faransa da Italiya, da yawa a jirgin ƙasa, su koma da yamma. Layin dogo ɗaya ne ya bi bakin teku, daga garin Kan, wato Cannes, ya ratsa Antibes da Nis, ya shiga Monako, ya wuce Menton, ya ƙare a Ventimiglia ta Italiya. Tun 1868 jirgi ke zuwa Monako. Jiragen da ke wannan zirga-zirga TER ake ce musu, kuma da rana ba a daɗe ana jiransu. Daga Nis, wadda za ka ga an rubuta Nice a allon tasha, tafiyar minti 20 da 'yan kai ce, tikitin bai kai yuro 10 ba. Daga Menton kuwa kamar minti 10 ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu ba a biya masa, saboda haka naka kyauta zai hau.

Ke nan abin da za ka auna ba nisan zango da Monako ba ne. Nisan ƙofar tantinka da dandamalin jirgi za ka auna, da ƙafa, kana tura keken yaro, uwarsa na riƙe da jaka. Bari in ba ka labarin yadda na koyi wannan.

Zuwana na farko, na buɗe taswira na zaɓi wani zango a saman Menton, domin na ga tsakaninsa da tasha bai fi tsawon farcena ba. Na sauka jirgi wajen la'asar, jakar goyo a baya, tanti a kafaɗa, ƙaramin risho na gas a hannu. Ashe abin da taswira ba ta faɗa mini ba shi ne wurin a kan tudu yake, kuma hanyar ƙafar duk matakala ce. Na fara ƙirga su don in rage wa kaina tunani, na ɓace a lissafi, na zauna a kan wata katanga ina haki, wata tsohuwa da ledar burodi ta wuce ni ko numfashinta bai sauya ba. Da na isa sama, gaskiya wurin ya yi kyau, itatuwan zaitun ko'ina, ga teku shuɗi can ƙasa. Amma kullum dare in na dawo, ina tsayawa a gindin matakalar nan in yi ta kallonta kamar mai bina bashi. Ni kaɗai ne lokacin, gwiwoyina kuma da sauransu. Kai da keken yaro, kada ka soma.

Gaɓar tekun nan haka take daga Nis zuwa iyakar Italiya: dutse ne ya gangaro ya tsoma ƙafa a ruwa, dogon na ƙasa, ƙauyuka na sama. Misali mafi yaudara shi ne Èze. Akwai tasha mai wannan suna a bakin ruwa, amma tsohon ƙauyen yana bisa dutse, sama da mita 400 daga teku, hawansa da ƙafa kusan awa guda ne ga mai ƙarfi. Haka La Turbie, tana leƙen Monako ta sama har kana iya ƙirga jiragen ruwan da ke mashigar, amma jirgin ƙasa ba ya zuwa can. Duk zangon da ya ce maka yana "saman Monako" ko "ana hango teku", ka san hawa ne.

Shawarata ita ce ka koma yamma da Nis, inda ƙasa ta ɗan baje. Tsakanin Cagnes-sur-Mer da Antibes nan ne filayen tanti suka fi yawa, musamman wajen Villeneuve-Loubet da tashar Biot. Za ka gane Villeneuve-Loubet tun daga taga, akwai wasu manyan fararen benaye masu lanƙwasa kamar dala a bakin ruwa, Marina Baie des Anges ake ce musu. Daga wannan yanki zuwa Monako ba ya kai awa guda a jirgi. Na san za ka ce ai wannan ya yi nisa. Minti 45 kana zaune, yaro ya manna hanci a gilashi, jirgi na shiga rami cikin dutse yana fitowa kan ruwa a Villefranche da Beaulieu, wannan ba wahala ba ce, rabin yawon ke nan. Ka dai nemi kujera a ɓangaren dama in kuna tafiya, can teku yake. Abu biyu za ka kula da su: ba kowane jirgi ne ke tsayawa a ƙananan tashoshi ba, sai ka duba allo, sannan Biot ma tana da irin yaudarar Èze, tashar na bakin teku, tsohon garin na can ciki da 'yan kilomitoci.

Akwai wata magana game da Biot da ya kamata ka sani. Daren 3 ga Oktoba 2015 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan yanki, kogin Brague ya yi ambaliya, mutum 20 suka rasu a gaɓar baki ɗaya, ruwan ya bi ta kan filayen tanti da ke kwarin. Bayan nan hukuma ta rufe wasu daga cikinsu, ba su sake buɗewa ba. Shi ya sa in ka dogara da tsohon littafin jagora ko tsohon bayani a intanet, kana iya zuwa ka tarar da ƙofa a garƙame da ciyawa. Ka buga waya ka ji muryar mutum. Irin wannan ruwa na kaka ne, a Yuli rana ce za ta dame ku, amma duk da haka in an ba ka zaɓi, ɗauki fili mai ɗan tudu da inuwa.

In ka kira su, ga abin da za ka tambaya, tunda kana jin Faransanci. Ka ce kana son emplacement nu, wato fili tsura na kafa tanti, domin da yawansu yanzu sun cika wurin da ƙananan ɗakunan haya da suke kira mobil-home, filin tanti kaɗan ya rage, a Yuli da Agusta kuma kafin ka ce kwabo an kame. Ka tambayi minti nawa ne zuwa tasha da ƙafa, kuma akwai hawa ko babu. In sun ce minti goma, ka lissafa ashirin, ba su san tafiyar ɗan shekara uku ba. Ka tambayi ƙarfe nawa suke rufe ƙofa da dare, da ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da wuta da harajin kwana, wanda suke kira taxe de séjour, ana biyansa kan kowane babba kowane dare, ban da yara. Taurarin da suke liƙawa, daga ɗaya zuwa biyar, kada su ruɗe ka. Yawanci kuɗin wurin ninƙaya da kiɗan dare kake biya. Mai biyu ko uku da banɗaki mai tsabta ya ishe ku.

Wasu za su ce maka ka tsallaka Italiya, wajen Ventimiglia, wai ya fi araha kuma yana kusa. Kusa kam yana kusa, ga babbar kasuwar Juma'a da maiɗakinka za ta so. Amma ka sani tun 2015 'yan sandan Faransa ke shiga jiragen da suka fito daga Italiya a tashar Menton-Garavan suna duba takardu, kuma ni da kai mun san fuskar da suke fara tsayawa a kanta. In takardunku cikakku ne, ba abin tsoro, sai dai ɓata rai kullum safiya a gaban iyali. Ni dai ba zan zaɓa maka wannan ba. Ko ina kuka sauka, fasfo da katin zama na kowa, har na yaron, su kasance a jikinka. Monako kanta ba ta cikin Tarayyar Turai, amma yuro take kashewa, kuma daga Faransa babu wani shinge, sauka kawai za ku yi.

Kayan tafiya kuwa, abu ɗaya zan nanata: turaku. Waɗannan siraran da ke zuwa cikin jakar tanti ba sa shiga ƙasar can a bazara, ta bushe ta yi tauri ga tsakuwa, lanƙwashewa suke kamar cokali. Sayi masu kauri irin ƙusa, da ƙaramar guduma. Ka riƙe maganin sauro, akwai wani mai zane baƙi da fari da ke cizo da rana tsaka, a Menton aka fara ganin ya zauna a Faransa a 2004. Gawayi kuma bar shi, yawancin wurare sun hana saboda gobarar daji, gas ake amfani da shi.

Ranar shiga Monako, kada ku fita da jirgin ƙarfe bakwai ko takwas, na ma'aikata ne, ko wurin sa ƙafa da ƙyar. Ku bari sai wajen tara da rabi. Tashar Monako a cikin dutse take, an buɗe ta a 1999, kuma tana da ƙofofi da yawa, wata ta fitar da kai sama, wata ƙasa, tsakaninsu hawa ne mai yawa. Ku bi alamar Sainte-Dévote, za ta sauke ku kusa da mashigar jiragen ruwa, daidai kwanar farko ta tseren motocin nan da ake yi a titunan garin tun 1929. Daga nan ku nufi dutsen da fadar take. Gidan Grimaldi, masu sarautar ƙasar, suka fara kama wannan dutse tun 1297, Yarima Albert na Biyu ke kan gado tun 2005, kuma kullum ƙarfe 11:55 dogarai ke sauya gadi a ƙofar fada, kallo kyauta. In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya, kashe shi a gidan kifayen da aka buɗe a 1910 a bakin dutsen, yaron ba zai so fita ba. Gidan cacar Monte Karlo kuwa ku tsaya a dandalin ku kalli gini da motoci, ya wadatar. Abin dariyar ma, 'yan asalin ƙasar doka ta hana su yin caca a ciki, baƙi aka gina wa.

Garin cike yake da lif da matakalai masu tafiya da kansu, na jama'a, ba a biyan ko sisi. Ka riƙa neman alamarsu kafin ka ɗaga keken yaro. Abinci ku taho da naku a jaka, naman halal kuma a unguwar da ke kusa da babbar tashar Nis za ka saya, mahautan na nan birjik. In yunwa ta kama ku, kasuwar La Condamine na gindin dutsen fada, ku nemi socca, wata faffaɗar waina ce ta garin wake da man zaitun, ana yanka ta da zafinta. Bakin ruwan Larvotto na da ɓangaren kowa da kowa, sai dai tsakuwa ce ƙanana, ku sa wa yaron takalmi.

Kafin ku bar tasha da safe, ɗauki hoton jadawalin jiragen komawa, ka tabbatar da na ƙarshe da ke tsayawa a tasharku, ba na ƙarshe da ke zuwa Nis ba, sau da yawa ba ɗaya ba ne. Ka kuma leƙa manhajar SNCF Connect ta kamfanin jirgin ƙasa tun ana gobe tafiya, don ma'aikatan jirgin Faransa ba sa wasa da yajin aiki. Kuɗin tasi daga Monako zuwa Antibes da tsakar dare zai iya cinye abin da ka tara na kwana biyu ko uku a tanti. Ku kama jirgin da ke gaban na ƙarshe. A gaishe da maiɗakin, in kun dawo ka rubuto mini ko turakun sun shiga.